Takardar gwajin ciwon hanta a teburin fasto

A ikilisiyoyi da yawa ba a ɗaura aure sai masu neman juna sun kawo takardar gwajin jini. Saboda haka takardun asibiti suna sauka a teburinmu, mu da aka koya wa Helenanci ba likitanci ba. Wanda ya fi rikita dattawa shi ne layin da aka rubuta HBsAg, kuma aka nuna an same shi. Mun ga an fasa aure a kan wannan layi ɗaya. Ya kamata mu san abin da yake faɗa kafin mu yanke wa mutane hukunci.

Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana shiga cikin ƙwayoyin naman hanta, ta ajiye tsarin halittarta a tsakiyarsu, ta sa su riƙa ƙera mata sassan jikinta. Waɗannan sassa su ne likitoci ke kira antijin, wato alamun da garkuwar jiki ke gane baƙo da su. Uku ne suka shafe mu.

HBsAg rigar ƙwayar ce ta waje. Shi ne Baruch Blumberg ya gano a jinin wani ɗan asalin Ostireliya, aikin da ya kai shi ga lambar Nobel a 1976. Hanta mai ɗauke da cutar tana ƙera wannan riga fiye da kima, kamar wurin ɓarar gyaɗa inda ɓawo ya cika ko'ina: yawancin abin da ke yawo a jini ɓawo ne babu ƙwaya a ciki. Wani kuma yana taruwa cikin naman hantar, har in an duba da madubin likita a ga wurin ya yi dishi-dishi kamar gilashin da aka goge da yashi. In HBsAg ya wuce wata shida a jini, cutar ta zauna ke nan. Iyakar abin da layin ya faɗa ke nan. Bai faɗi yawan ƙwayar ba, bai faɗi ko hanta ta lalace ba.

HBcAg shi ne ƙoƙon ciki. A hanta ake ganinsa, gwajin jini na yau da kullum ba ya kama shi. HBeAg kuwa yana fitowa jini, kuma samunsa yakan nuna ƙwayar tana hayayyafa sosai, mai ita ya fi saurin ba wani.

Ga abin da ya fi ba ɗalibai mamaki. Ba ƙwayar ce ke cin hanta kai tsaye ba. Garkuwar jiki ce ke ganin alamun baƙo a jikin ƙwayoyin hanta ta far musu, kuma wannan faɗa na shekaru ne ke barin tabo, har hanta ta ƙandare ko ta kamu da daji. Shi ya sa saurayi zai iya ɗauke da ƙwaya mai yawa alhali hantarsa lafiya tukuna, wani kuma mai kaɗan ya riga ya tara tabo. Sai likita ya auna yawan ƙwayar, da gwajin ALT, da hoton hanta. Magani irin tenofovir yana danne hayayyafar, amma HBsAg yakan ci gaba da fitowa a gwaji, domin tsarin ƙwayar yana nan a hanta. Kada mu ce maganin bai yi ba.

Kada kuma mu yi saurin zargin zina. Jaririn da ya kamu lokacin haihuwa, tara cikin goma cutar takan zauna musu, babba kuwa bai kai biyar cikin ɗari ba. Yawancin masu ɗauke da ita a nan tun ƙuruciya suka samu, daga uwa, ko askar wanzami, ko reza ɗaya da aka yi wa yara kaciya. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan takwas cikin ɗari na manya a Nijeriya suna da ita, wato suna cikin mawaƙanmu da zumuntar mata. Ba a ɗaukarta ta cin tuwo tare ko shan ƙoƙo ɗaya a Jibin Ubangiji.

In takardar ta zo, a kira su biyun kaɗai, ba gaban kwamiti ba. A gwada ɗayan. In ba shi da ita, ya karɓi rigakafi, allura uku cikin wata shida. Mai ita ya ga likita, ya bar giya da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba. In Allah ya ba su haihuwa, a yi wa jaririn allurar farko cikin awa 24.