Agogo mai lokaci biyu

Rana ba ta fitowa lokaci guda a ko'ina. Tana fitowa a Difa wajen minti 40 kafin ta fito a Yamai. Shi ya sa a watan azumi mutanen Difa suke riga na Yamai shan ruwa. Dalili shi ne duniya tana juyawa daga yamma zuwa gabas, tana cika juyi ɗaya cikin awa 24. Wanda ke gabas shi yake fara ganin rana.

A da, kowane gari da lokacinsa. Da jiragen ƙasa da na ruwa suka yi yawa, sai lissafi ya rikice wa matafiya. A shekarar 1884 wakilan ƙasashe 25 suka taru a Washinton, babban birnin Amurka. Suka zaɓi layin da ya ratsa Girinic, a birnin Landan, ya zama mafarin lissafi. Daga baya aka kasa duniya kashi 24, kamar ɓarayen lemo. Tsakanin kowane kashi da na kusa da shi akwai awa ɗaya.

Nijar duka tana bin lokaci guda, awa ɗaya gaba da na Girinic. Lokacinta ɗaya ne da na Najeriya, Benin, Cadi da Kamaru. Idan ƙarfe 12 na rana ta yi a Yamai, ƙarfe 11 ne a Wagadugu, Bamako da Akara. A Kartum ƙarfe 1 ne, a Makka kuwa ƙarfe 2. Faransa tana canza lokacinta sau biyu a shekara. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba tana gaba da Nijar da awa ɗaya. Sauran watanni lokacinsu ɗaya.

Wannan bambanci ba abin wasa ba ne. Lokacin da ke rubuce a tikitin jirgin sama na garin da jirgin zai tashi ne. Alhajin da ya bar agogonsa a lokacin gida, idan zai taso daga Jidda, yana iya makara da awa biyu, jirgi ya tafi ya bar shi. Haka direban da ya shiga Burkina Faso sai ya mai da agogonsa baya da awa ɗaya.

Saboda matafiya aka ƙera agogon hannu mai nuna lokaci biyu. A shekarar 1955 kamfanin Rolex na ƙasar Suwis ya fito da wani irinsa don matuƙan jirgin sama. Agogon yana da hannu na huɗu, mai launi daban, wanda ke zagaye sau ɗaya cikin awa 24. A gefen agogon akwai zobe mai lambobin awa 24. Hannuwan da aka saba suna nuna lokacin inda mutum yake, na huɗun yana nuna na gida. Akwai kuma agogo mai nuna lambobi, wanda ba shi da hannu. Da an danna maɓalli sai ya nuna lokacin wata ƙasa. Shi ya fi araha.

Mai sayen agogo ya fara tambayar kansa ko yana bukatar lokaci biyu. Idan yana bukata, ya duba ko lambobin suna karantuwa, ya kuma sa mai sayarwa ya nuna masa yadda ake daidaita lokaci na biyu. Ya yi hattara da jabu: babban suna a kuɗi kaɗan abin tuhuma ne. Bayan saye, a kiyaye agogo daga ruwa da ƙura. Idan batir ya mutu, a kai wa mai gyara, kada a buɗe da wuƙa.

Agogo dai yana ƙidaya lokaci ne kawai. Sallah da shan ruwa suna bin ranar wurin da mutum yake, ba ta garin da ya baro ba.

Tambayoyi

1. Me ya sa rana take riga fitowa a Difa?
2. Idan ƙarfe 8 na safe ne a Maraɗi, ƙarfe nawa ne a Makka?
3. Mene ne aikin hannu na huɗu?