Fim Ɗin da Ake Iya Kallo da Yara: Abin da Ra'ayin Iyaye Ke Nunawa a Ƙasar Gumel

A ƙasar Gumel, daga Gagarawa zuwa Maigatari da Sule Tankarkar, babu teku balle tsibiri. Ruwan da yara suka sani shi ne na rijiya da na burtsatse da kududdufin damina. Duk da haka, fina-finan kasada na teku da tsibiri, waɗanda kamfanonin Amurka ke shiryawa domin yara da iyayensu, suna shigowa gidaje ta wayar hannu da tashoshin tauraron ɗan'adam. Yabon da iyaye kan yi wa irin wannan fim gajere ne: ba shi da batsa, ana iya kallonsa da yara. Ba safai ake jin batun ƙwarewar masu zane ko tsarin labari ba. Wannan yabo shaida ce ta wata buƙata da ta daɗe a gidajen Hausawa, wadda masana'antarmu ta fim ba ta biya ba, har baƙi suka shigo suka cike gurbin da kayansu.

Dalili na farko shi ne sauyin wurin kallo. Tun zamanin Turawa, silima a Kano wuri ne na maza, kuma mai mutunci ba ya son a gan shi a ƙofarta, kamar yadda Brian Larkin ya bayyana a littafinsa na 2008 kan kafofin watsa labarai a birnin. Da aka fitar da fim ɗin Turmin Danya a 1990, kaset ya kai fim cikin ɗaki. Faifan CD ya biyo baya, sannan tashar Arewa24 a 2014, yanzu kuma masu tura fim a waya suna nan a tasha da bakin kasuwa, har da kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis. Da kallo ya koma tsakar gida, inda uba da uwa da suruka da 'ya'ya ke zaune a tabarma ɗaya, sai kunya ta zama mai tacewa ta gaskiya. Kano ta kafa hukumar tace fina-finai a 2001, amma ikonta bai kai ga wayar da ke aljihun yaro a Gagarawa ba. Abin da ke yanke hukunci shi ne ko magidanci zai iya zama har ƙarshen fim ba tare da ya sunkuyar da kai ko ya tashi ya fita ba.

Dalili na biyu shi ne giɓin da Kannywood ta bari. Jigawa ta fita daga Kano a 1991, amma kasuwar fim ɗinta har yau ta Kano ce, kuma abin da wannan kasuwa ta fi ƙwarewa a kai shi ne soyayya da kishi da rikicin gado da waƙa. Shirye-shirye masu dogon zango irin su Daɗin Kowa da Labarina da Izzar So sun yi farin jini ƙwarai, sai dai matsalolin manya suke tattaunawa. Fina-finan Indiya da ake fassarawa da Hausa, irin na kamfanin Algaita, galibinsu faɗa ne da soyayya. Yaro ɗan shekara takwas ba shi da fim nasa, sai dai ya raɓa cikin na manya. Uwar da ke neman abin da zai zaunar da yara ta samu ta gama tuwon dare ba ta da zaɓi mai yawa, don haka katun ɗin waje ya samu fili ba tare da abokin gasa ba.

Dalili na uku yana cikin labaran kansu, kuma fim ɗin Moana da kamfanin Disney ya fitar a 2016 misali ne mai kyau. 'Yar sarkin wani tsibiri ce ta ga kwakwar garinsu tana ruɓewa, masunta suna dawowa ba kifi. Mahaifinta ya hana kowa nisa cikin teku, kakarta kuma ta ƙarfafa mata gwiwa ta fita neman mafita. Babu saurayi a labarin, babu zance. Wanda ya tashi a yankin da hamada ke matsowa, inda damina kan yanke kafin gero ya nuna, inda samari ke tafiya cin rani su bar tsofaffi da gona, ba ya buƙatar ya taɓa ganin teku kafin ya fahimci wannan damuwa. Ƙasa ta gaza ciyar da mutanenta, wani ya tafi ya nemo, kaka ce mai riƙe da tarihin gida: duk wannan sananne ne a nan. Karɓuwar fim ɗin a duniya ma ba ƙarama ba ce, domin kashi na biyu da ya fito a Nuwamban 2024 ya tara sama da dala biliyan ɗaya.

To amma ra'ayi bai zama ɗaya ba, kuma masu suka suna da hujja. A cikin Moana akwai Maui, wanda aka nuna rabinsa mutum rabinsa abin bauta, akwai Te Fiti da aka ce ita ke ba da rai, ga kakar da ta rasu ta dawo a siffar wani kifi. Malamin Islamiyya da ya ce wannan ya ci karo da tauhidin da yake koya wa yara da yamma bai yi ƙarya ba. A nan ne raunin ma'aunin iyaye ke fitowa: yana duba abin da babu a fim, ba ya duba abin da ke ciki. Fim zai iya kasancewa babu rungume-rungume, ya kuma ɗauko aƙidar wasu mutane cikakkiya. Sai dai hani ba zai yi aiki ba, domin fim ɗin da ke tafiya daga waya zuwa waya ba ya bi ta ƙofar da za a tsare. Bahaushe kuma ya daɗe da sanin yadda ake raba ƙirƙira da imani: tatsuniya cike take da Dodo da Gizo da 'yan ruwa, amma mai bayarwa kan rufe ta da shaida wa yara cewa ƙarya ce aka shirya. Abin da ya ɓace yau shi ne wannan babban da ke zaune kusa yana bayani. Idan an miƙa wa yaro waya aka juya baya, babu mai gaya masa inda labari ya tsaya.

Wasu za su ce shirya katun sai Amurka, domin kuɗinsa ya fi ƙarfinmu. Gaskiya ne ba za a yi gasa da Disney a kuɗi ba, amma abin da iyaye suka yaba ba tsada ba ne, tsabta ce da labari mai jan hankali, kuma muna da su. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda aka buga a 1934, labarin doguwar tafiya ce ta neman ruwan magani, cike da kasada da raha. Ga Ganɗoki na Bello Kagara, ga Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa. Disney da kanta ta fassara Moana zuwa harsunan Tahiti da Maori da Hawai, kuma yaro ya fi kama labari da harshen gidansu. A 2024 kuma ta haɗa gwiwa da kamfanin Kugali suka fitar da Iwaju, labarin da aka gina a kan Legas. Hausa, mai masu magana miliyoyi a Nijeriya da Nijar, ba ta rasa kasuwa ba.

Saboda haka ra'ayin iyayen ƙasar Gumel ya kamata furodusoshin Kano su ɗauke shi a matsayin odar kaya da ba a kawo ba. Jigawa tana da Kwalejin Ilimi a Gumel mai horar da malaman firamare, tana da cibiyar koyar da fasahar kwamfuta a Kazaure, tana da gidajen rediyo da talabijin na jiha. Idan aka haɗa wanda ya san yara da wanda ya iya zane a kwamfuta da marubucin da ya san tatsuniya, za a iya farawa da gajerun shirye-shirye na minti goma masu dacewa da waya. Kafin a kai can, nauyin yana kan iyaye: su riƙa zama a kalla tare, su kuma tambayi yaro abin da ya fahimta bayan an gama.