Zika: Sauron Rana da Ƙwaƙwalwar Ɗan Tayi

A ƙarshen shekarar 2015 likitocin Recife, a jihar Pernambuco ta arewa maso gabashin Brazil, suka fara ganin abin da ya ɗaure musu kai. Jarirai ake ta haifa da ɗan ƙaramin kai, goshi a shafe, fatar kai ta yi naɗe-naɗe kamar an yi wa ƙoƙon rigar da ta fi shi. Da aka tambayi iyayen, wasu suka tuna sun yi 'yan ƙuraje da jan ido a farkon ciki. Da yawa ba su tuna komai ba.

Nan matsalar take. Kusan mutum 4 cikin 5 da suka kamu da ƙwayar Zika ba sa jin ko ciwon kai. Wanda ya ji kuma, ɗan zazzaɓi ne da ciwon gaɓoɓi, ya wuce cikin mako guda. Uwa ta warware, amma ƙwayar ta riga ta ratsa mabiyiya ta kai ga ƙwayoyin da ƙwaƙwalwa ke tsirowa daga gare su. Ƙwaƙwalwa ce ke tura ƙoƙon kai ya buɗa. Idan ta tsaya, shi ma ya tsaya. Shi ya sa watanni ukun farko suka fi haɗari, kodayake sauran ma ba a tsira ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kashi 5 zuwa 15 cikin 100 na jariran da uwayensu suka kamu suna da juna biyu ne ke samun lahani: ƙanƙancewar kai, larurar ido da kunne, sandarewar gaɓoɓi, farfaɗiya. Wani cikin ma ɓari yake yi. Wani yaron kuma a haife shi kansa daidai, sai daga baya a ga zama da rarrafe sun gagara.

Cutar ba sabuwa ba ce. A dajin Zika na Yuganda aka gano ta jikin biri a 1947, ba a kuma ɗauke ta da muhimmanci ba sai da abin Brazil ya sa Hukumar ta ayyana dokar ta-ɓaci a Fabrairun 2016.

Mai yaɗa ta, Aedes aegypti, ba sauron maleriya ba ne, kuma wannan bambancin ya fi komai muhimmanci. Baƙi ne mai zanen fari a ƙafafu, da rana yake cizo, musamman da hantsi da la'asar, lokacin da gidan sauro ke naɗe a jikin bango. Ruwan da aka ajiye yake nema ya yi ƙwai: duro, bokiti, tsohuwar taya. A unguwannin talakawan Recife famfo ba ya zuwa kullum, dole a tara ruwa, can kuwa cutar ta fi yin ɓarna. Mu da ke cika randa mu bar ta ba murfi mun san wannan hali, kuma sauron yana ƙasashenmu. Shi ke kawo zazzaɓin shawara da denge.

Sai batun maigida. Ƙwayar kan daɗe a cikin maniyyi, don haka mijin da ya dawo daga inda cutar ke yawo zai iya sa wa matarsa ba tare da ya yi ko atishawa ba. Shawarar Hukumar ita ce namiji ya yi amfani da kwaroron roba ko ya ƙaurace wata 3 bayan dawowa, mace wata 2, in kuwa akwai ciki, har a haihu. Allurar rigakafi dai babu ita tukuna.