Dare Ɗaya, Fim Biyu: Tsakanin Halloween da Halloween II

Fim ɗin Halloween na shekarar 1978 ya ƙare ne da harbi shida. Dokta Loomis ya ɗirka wa makashin, Michael Myers, harsasai har ya faɗo daga barandar bene, amma da likitan ya leƙa ƙasa sai ya ga wayam, babu kowa a kan ciyawar. Shekara uku bayan haka, a ƙarshen Oktoban 1981, sai ga Halloween II, ya ɗauki labarin daga daidai wannan mintin. Dare ɗaya ne, gari ɗaya ne, wato Haddonfield, garin da aka ƙirƙira a jihar Illinois ta Amurka, kuma Laurie Strode, yarinyar da Michael yake bi, tana nan da raunin wuƙar da aka yi mata a hannu. Mu da muka saba da finafinan Kannywood masu na ɗaya da na biyu ba za mu ga baƙon abu a nan ba, sai dai namu tun farko akan tsara labarin ne a raba shi biyu. Shi kuwa Halloween an gama shi ne a matsayin cikakken labari. Kuɗin da ya kawo ne suka sa aka sake buɗe ƙofar da aka riga aka rufe.

Kuɗin kuwa ba kaɗan ba ne. An yi na farko da dala dubu 300 da ɗoriya, cikin kwana kusan 20, a unguwannin kudancin Kalifoniya, sai ga shi ya tara kusan dala miliyan 47 a Amurka kaɗai. Wanda ya zuba jarin ma ba baƙonmu ba ne. Moustapha Akkad ne, ɗan asalin Siriya, wanda ya yi The Message a kan farkon Musulunci da Lion of the Desert a kan gwagwarmayar Umar Mukhtar, finafinan da gidaje da yawa a ƙasar Hausa suka kalla har kaset ya gaji. John Carpenter ne ya ba da umarni, shi da Debra Hill suka rubuta labarin, shi ne kuma ya tsara kiɗan fiyanon nan mai maimaita kansa wanda duk wanda ya taɓa jin sa ba ya mantawa.

Rashin kuɗi ya yi wa fim ɗin rana. Fuskar robar da Michael yake sawa, ta Kyaftin Kirk ce na shirin Star Trek, an saye ta a shago ƙasa da dala biyu, aka fesa mata farin fenti, aka faɗaɗa ramukan idanun. Da yake a bazara aka ɗauki fim ɗin alhali labarin na lokacin kaka ne, ganyen da ake gani yana zuba a titi fenti aka yi masa, ana watsawa ana kwashewa ana sake watsawa. Babu kuɗin nuna abubuwa masu yawa, don haka Carpenter da mai ɗaukar hotonsa Dean Cundey suka koyi ɓoyewa. Bayan kisan Judith, yayar Michael, da ya buɗe fim ɗin, wanda yaro Michael ɗan shekara shida ya yi a 1963, sai fiye da rabin fim ya wuce ba a sake kashe kowa a gaban idon mai kallo ba. Abin da ake yi a duk wannan lokacin shi ne kallo. Laurie tana aji, ta waiwaya taga, ta hango mutum tsaye a bayan mota a tsallaken titi, ta mayar da ido ga malama, ta sake dubawa, babu shi. Tana tafiya gida da ƙawarta Annie, ga shi can a gefen shingen furanni, Annie ta je ta leƙa, babu kowa. Ta shiga ɗaki ta leƙa bayan gida, ga shi tsakanin zannuwan gadon da aka shanya iska tana kaɗa su. Duk da rana tsaka ke nan. Kafin dare ya yi, mai kallo ya riga ya koyi binciken kowane lungu na hoton da idonsa, ya zama shi ne yake tsoratar da kansa.

Kuma ba a taɓa gaya mana dalilin da ya sa Laurie ba. Abin da kawai muka gani shi ne mahaifinta mai dillancin gidaje ya aike ta ta ajiye mukulli a ƙofar tsohon gidan su Myers, Michael kuma yana ciki yana kallonta. Shi ke nan. Da wata yarinyar ce aka aika, ita zai bi. A ganina wannan shi ne ƙashin bayan fim ɗin gaba ɗaya, domin yana nufin babu wanda ya tsira, abin da ya ci Doma ba zai bar Awai ba. Ƙaramin yaron da Laurie take raino, Tommy, yana ta cewa ya ga dodo, ba a yarda da shi ba, kuma fim ɗin ya ƙare ba tare da ya ba mu wata amsa da ta fi ta yaron ba.

To, yaya na biyun ya tsaya a gefen wannan?

Gaskiya a faɗe ta, minti talatin ɗin farko suna da kyau ƙwarai. Carpenter ya ƙi komawa kujerar darakta, aka ba Rick Rosenthal, amma Carpenter da Hill ne suka sake rubutawa, Cundey kuma ya dawo da kyamararsa, don haka hasken da duhun iri ɗaya ne, har mutum zai iya haɗa finafinan biyu ya kalla a zama ɗaya ba tare da ya ji an sauya hannu ba. An kuma yi abin da finafinan irin wannan ba su cika yi ba, wato nuna abin da yake biyo bayan kisa. Gari ya farka. 'Yan jarida sun cika titi, jama'a sun taru suna jifan gidan su Myers da duwatsu. Shugaban 'yan sandan garin, Brackett, wanda ya kwana yana farautar makashin tare da Loomis, an kira shi ya ga gawa a kan gadon ɗaukar marasa lafiya, aka yaye mayafi sai ga 'yarsa Annie. Ya sa hannu ya rufe mata ido, ya juya ya ɗora wa likitan laifin komai. A na farko Annie ta mutu a cikin mota aka wuce wurin. A nan ne aka ba mutuwarta nauyin da ya dace da ita. Haka nan mutuwar Ben Tramer, saurayin da Laurie take so a ɓoye. Ya fito daga shagali sanye da fuskar roba mai kama da ta Michael, Loomis ya bi shi da bindiga, motar 'yan sanda ta kwashe shi ta matse da wata motar, wuta ta tashi. Tsoro da kansa ya fara kashe mutane, ba sai da wuƙa ba. Da a ce fim ɗin ya bi wannan hanyar har ƙarshe, da sai in ce ya kusa kamo yayansa.

Sai aka shiga asibiti, kuma a nan ne ƙafar ta fara gurɗewa.

Asibiti wuri ne da ya dace da tsoro, dogayen baranda, ƙofofi iri ɗaya, mutane kwance ba su iya gudu. Sai dai asibitin Haddonfield babu kowa a cikinsa in ban da likita ɗaya, 'yan ma'aikatan jinya, direbobin motar asibiti biyu da mai gadi, a daren da garin yake cikin tashin hankali. Wannan ma da sauƙi. Babbar asarar ita ce Laurie. Jamie Lee Curtis, wadda ta fito a matsayin Laurie, ita ce zuciyar fim na farko. Yarinya ce mai lura, ita ce ta soka wa Michael allurar saƙa a wuya, ta miƙar da ƙarfen rataye kaya ta tsokane masa ido daga cikin kabad, ta fitar da yaran da take raino suka tsira. Wurin da take buga ƙofar maƙwabta tana ihu, aka kunna fitila aka leƙo sannan aka kashe, yana cikin abubuwan da suka fi tsaya mini a rai a duk finafinan tsoro. A na biyu kuwa an yi mata allurar barci an kwantar da ita, ta shafe mafi yawan fim ɗin a gado, da gashin kanti a kanta saboda ta riga ta rage nata gashin kafin a fara ɗauka. Aka bar mu da ma'aikatan da ba mu sani ba, ba a kuma ba mu lokacin saninsu ba, ana shigo da su ɗaya bayan ɗaya don a kashe.

Kisan ma ya sauya kama. Tsakanin 1978 da 1981 kasuwa ta cika da masu kwaikwayon Halloween, musamman Friday the 13th na 1980, waɗanda suka gane cewa jini yana sayar da tikiti. Carpenter da kansa ya koma ya ɗauki ƙarin wurare masu jini ya cusa a aikin Rosenthal don kada a bar su a baya. Don haka aka sami guduma a kan mai gadi, allura a idon likita, wata nas an dulmiya mata fuska a tafasasshen ruwa har fata ta saɓule, wata an zuƙe mata jini ta roba har ya malale a ƙasa. Gawarwakin sun kusa ninka na farko. A na farko, bayan Michael ya kafe wani saurayi, Bob, a jikin ƙofa da wuƙa, tsayawa ya yi yana karkata kai gefe da gefe yana kallonsa, kuma wannan karkata kan ya fi duk allurai da gudumar na biyu tayar da tsigar jiki. Na biyu yana sa mutum ya kau da kai don ƙyama. Na farko hana shi kau da kai yake yi. Kasafin na biyu ya kai dala miliyan 2.5, ninki kusan takwas, ya kuma kawo kusan miliyan 25, riba ce mai kyau amma kusan rabin ta farko.

Ko shi Michael ɗin ba ɗaya ba ne. Nick Castle, wanda ya sa fuskar a 1978, yana tafiya da wani irin sauƙin jiki, kamar mai jin daɗin wasan ɓuya. Dick Warlock na 1981 ya fi shi gajarta da kauri, tafiyarsa a sandare take. Fuskar robar ita ce dai ta da, amma ta tsufa ta dafe, ta kuma zauna daban a kansa. Wasu sun fi son wannan, suna cewa mutumin da ya sha harsashi ai dole tafiyarsa ta sauya. Ina ganin hujjarsu, amma kama da wane ba ta wane.

Duk waɗannan ana iya yafe su. Abin da ya fi ƙarfin yafiya shi ne sirrin da aka tona kusa da ƙarshe. A cikin mota, nas Marion ta gaya wa Loomis cewa akwai wani fayil da aka ɓoye: Laurie ƙanwar Michael ce, an ba da ita riƙo bayan rasuwar iyayensu. Da wannan jimla ɗaya aka canza ma'anar fim biyu. Mukullin da ta ajiye ya tashi daga aiki. Ashe ba tsautsayi ba ne, rigimar gida ce. Duk wanda ba ɗan gidan Myers ba, kuma bai tsaya a kan hanya ba, yana iya kwanciya ya yi barcinsa. An ƙara da kalmar Samhain da aka rubuta da jini a allon makaranta, don a jingina abin ga wani tsohon bikin mutanen Ailan na da, wanda hakan ya buɗe ƙofar bayanai marasa kan gado a finafinan da suka biyo baya. Carpenter ya sha faɗa a hirarraki cewa bai ji daɗin wannan dabarar ba, labari ne ya ƙare masa yana tsakiyar rubutu, ya nemi abin cike gurbi. Ana kuma ganin alamar hakan, domin ban da tilasta wa direban motar da Loomis ya yi ya juya zuwa asibitin, ba a yi komai da wannan sanin ba face kiran sunan Michael da Laurie ta yi, ya ɗan dakata.

Amma kada in rage wa fim ɗin haƙƙinsa, minti ashirin ɗin ƙarshe sun dawo da martabarsa. Da zarar Laurie ta tashi daga gado, fim ɗin ma ya tashi. Tana ɗingishi a baranda, maganin barci bai sake ta ba, ta gangara ɗakin ƙasa, ta haura ta wata 'yar taga, ta tsaya gaban lif tana danna maɓalli, shi kuma yana tahowa a hankali ba ya ko sauri, ƙofar ta rufe daidai lokacin da hannunsa ya iso. A filin ajiye motoci ta ga Loomis yana shiga asibitin, ta buɗe baki ta kira shi, murya ta ƙi fita sai bayan ƙofa ta rufe. Wannan irin tsoron mafarki ne, kuma ba ya buƙatar ɗigon jini. Sannan ɗakin tiyata, inda ta harbe shi a idanu biyu, jini yana gangarowa a kan farar fuskar, yana ta kai sara a iska bai ga kowa ba, Loomis ya buɗe tukwanen iskar gas, ya ce mata ta gudu, ya kyasta wuta. Carpenter da Hill sun yi nufin wannan ya zama ƙarshen Michael Myers da gaske. Shi ya sa Halloween III na 1982 ya zo da wani labari daban babu shi a ciki, masu kallo suka juya masa baya, aka dawo da shi a 1988.

Batun 'yan'uwantakar nan ya bi jerin finafinan shekaru da dama, har wanda Rob Zombie ya sake yi a 2007 ya ɗauke shi. Sai a 2018, da David Gordon Green ya yi sabon Halloween, Curtis ta dawo a matsayin Laurie mai jika, Carpenter kuma ya dawo ya yi kiɗa. Suka yanke shawarar ɗorawa kai tsaye daga na 1978, suka share duk abin da ya biyo baya, har da Halloween II. A cikin fim ɗin ma an sa jikar Laurie ta gaya wa abokanta cewa zancen Michael yayan kakarta ne ƙirƙirar mutane ce kawai.