"Miƙo Min Abin Nan": Gaskiya da Ƙarya Kan Tsohon da Kalma Ke Kuɓuce Masa

Azahar ta yi a wani gida a Yola Gari. Goggo ta nuna da hannu, ta ce wa jikarta: "Ke, miƙo min abin nan... na alwala." Ga buta tana kallo, amma sunan ya ƙi zuwa. Kafin la'asar magana ta zagaye gida: wannan ya ce gigin tsufa, wancan ya ce jifa. Bari mu ware tsaki da tsakuwa.

"Duk tsohon da ke laluben kalma ya shiga gigin tsufa." Ƙarya ne. Suna ya maƙale a baki, can an jima ya faɗo, abu ne da ke ƙaruwa da shekaru ko ga lafiyayye. Tsakanin wannan da gigin tsufa akwai matakin da likitoci ke kira ƙaramin raunin tunani: iyali sun ga canji, gwaji ya tabbatar, amma mutum yana ƙirga kuɗinsa, yana zuwa kasuwar Jimeta ya dawo shi kaɗai. A cikin masu wannan rauni, kimanin kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ne ke zarcewa gigin tsufa kowace shekara. Wasu suna tsayawa nan, wasu har su warware.

"Sammu ne." Ƙarya. Ƙwaƙwalwa da jini take aiki, kuma hawan jini da ciwon suga suna lalata ƙananan jijiyoyinta a hankali. Akwai ma dalilan da ke da magani: ƙarancin bitamin B12, baƙin ciki mai tsanani, rashin barci, wasu ƙwayoyin sa barci. Addu'a ba ta hana awon jini.

"Yawan harsuna ne ya rikita ta." Rabin gaskiya. Mai Fulatanci da Hausa ya fi mai harshe ɗaya yawan tuntuɓe wajen cafko kalma, kuma idan ciwo ya yi nisa, wasu tsofaffi kan koma harshen da suka sha a nono. Amma binciken da aka wallafa a 2013 kan majinyata 648 a Haidarabad ta Indiya ya nuna masu harsuna biyu sun jinkirta nuna alamun gigin tsufa da kusan shekara huɗu da rabi. In Goggo ta ce "ndiyam" maimakon ruwa, a ba ta ruwan kawai.

"Babu abin yi." Ƙarya. A 2024 kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa abubuwa 14 da ake iya gyarawa, masu alaƙa da kusan kashi 45 cikin ɗari na masu gigin tsufa. Ciki har da raunin ji, shan taba, rashin motsa jiki da kaɗaici.

"In magana ta sarƙe farat ɗaya, hatsari ne." Gaskiya tsantsa. Musamman in baki ya karkace ko hannu ya saki: alamar shanyewar ɓarin jiki ke nan. Kada a jira gari ya waye. A nufi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama ko Asibitin Ƙwararru da ke Jimeta.

Wadda tata ta zo sannu a hankali kuwa, a kai ta likita, a kuma daina yi mata dariya ko tare mata numfashi. A ɗan saurara mata. In sunan ya ƙi, sai a ce: "Buta, Goggo?" Ita ce ta fara koya wa gidan kalmar.