Tuffa a cikin tukunya

Tuffa ɗan itace ne mai kamar girman lemun zaƙi. Akwai ja, akwai kore, akwai mai ruwan ɗorawa. Da faransanci ana ce mata pomme, shi ya sa a kasuwannin Nijar ake kiran ta « pom ». Kada a haɗa ta da pomme de terre, wato dankalin turawa. Tuffa a bisa itace take nuna, shi kuwa dankali a cikin ƙasa yake yin ƴaƴa.

Daga ina tuffa take zuwa?

Asalin tuffa duwatsun ƙasar Kazakistan ne, a tsakiyar nahiyar Asiya. Daga can ta bazu cikin duniya. Iccen tuffa yana son sanyi. Sai ya sha sanyin hunturu na makonni da yawa, ganyensa ya zube, sannan ya yi fure da kyau. Zafin ƙasashen Sahel bai dace da shi ba. Tuffar da ake gani a Yamai ko Maraɗi ko Damagaram daga nesa ake kawo ta, daga ƙasashe irin su Faransa da Maroko da Afirka ta Kudu. Wannan doguwar tafiya ce take sa ta tsada.

A Normandi, wani yanki na arewacin Faransa, gidaje da yawa na ƙauye suna da itatuwan tuffa a bayan gida. Cikin watan Satumba da Oktoba sai ƴaƴan su nuna kusan a lokaci guda. Wasu ana tsinkar su da hannu, wasu kuma iska ce take kaɗo su ƙasa. Iyalin gida ba za su iya cinye su duka ɗanye ba.

Uwar gida takan raba su kashi biyu. Masu lafiya tana jera su a wuri mai sanyi da duhu, inda za su yi makonni ba su lalace ba. Waɗanda suka bugu kuwa ba sa jira. Inda tuffa ta bugu, nan take fara laushi, nan take fara ruɓa, kuma ruɓaɓɓiya guda tana ɓata na kusa da ita. Maganin wannan asara shi ne tukunya.

Me ya sa tuffa take sake launi?

In an yanka tuffa, cikinta fari ne. Bayan ƴan mintoci sai ya koma ruwan ƙasa. Ba datti ba ne, iska ce ta taɓa naman. Haka farin goro yake yi in an ɓantare shi, haka ma dankali in an fere shi aka ajiye. Tuffar da ta sake launi ba ta cutarwa, kyan gani kawai ta rasa. Ruwan lemun tsami yana rage wannan canji. Saboda haka mai dafuwa takan matsa shi a kan tuffa da zarar ta yanka.

Yadda ake yin kwamfot

Kwamfot, wato compote, tuffa ce da aka dafa har ta narke ta yi kauri kamar fate. Ita ce dafuwar tuffa mafi sauƙi. Ga abin da ake bukata domin mutum 4:
- tuffa kilo 1, wato guda 5 ko 6;
- ruwa mai tsabta santilita 10;
- sukari babban cokali 2;
- lemun tsami guda 1.

Da farko ana wanke hannu da sabulu, a wanke tuffa. Sai a fere ɓawon, a raba kowace gida huɗu. A cire tsakiyar mai tauri tare da ƙwayoyinta, domin ba a cin su. A yanke duk inda ya bugu, a yar. Wadda ta yi fumfuna ko ta fara wari ba a sa ta cikin tukunya ko kaɗan, wuta ba ta gyara ta.

Daga nan a yanyanka ƙanana, a matsa lemun tsami, a zuba cikin tukunya tare da ruwan. A rufe, a ɗora bisa wuta marar ƙarfi. Garwashin gawayi ya isa. Me ya sa ruwan kaɗan ne? Domin ita kanta tuffa ruwa ce: a cikin gram 100 nata, wajen gram 85 ruwa ne. Da ta ji zafi sai ta saki ruwanta.

Ana buɗewa lokaci lokaci a motsa da muciya, don kada ta kama ƙasan tukunya. Bayan minti 15 zuwa 20 ta yi laushi. A sauke, a murƙushe ta da cokali, a ɗanɗana. Sai a lokacin ake sa sukari, tun da wata tuffar zaƙinta ya isa, wata kuma tana da tsami. Mai so yana barbaɗa garin kirfa kaɗan.

Ana shan kwamfot da ɗumi ko da sanyi, ita kaɗai, ko da kindirmo, ko a shafa ta a burodi. Tana da kyau ga tsofaffi da ƙananan yara waɗanda ba su iya tauna abu mai tauri. A cikin firigo, a rufe, tana yin kwana 3. Inda babu firigo, ranar da aka dafa ta ake cinye ta.

Wasu hanyoyin

Akwai suya. Ana yanka tuffa falle-falle, a tsoma cikin ƙullun garin alkama da ƙwai da madara, a jefa cikin mai mai zafi har ta yi ja, kamar yadda ake suyar fanke. Wannan aikin manya ne. Yaro ba ya matsawa kusa da mai a kan wuta.

Akwai gashi. Ana shimfiɗa curin garin alkama a faranti, a jera yankakkiyar tuffa a bisa, a gasa a tanderu. Wannan ita ce tarte aux pommes, wadda ƴan makaranta suke cin karo da sunanta a littattafan faransanci.

Akwai kuma shanya. Ana yanka ta siriri, a shanya a wuri mai tsabta, a lulluɓe da yadi marar kauri saboda ƙuda da ƙura, kamar yadda ake shanya tumatir da kuɓewa. Busasshiyar tuffa tana yin watanni.

Dabarar kwamfot ba ta tsaya ga tuffa ba. A Nijar, lokacin bazara, mangwaro yakan cika kasuwa, ya yi araha, wani ya ruɓe a ƙarƙashin itace. Shi ma in an fere shi aka dafa kan wuta marar ƙarfi, yana yin kwamfot mai daɗi. Haka ma gwaba, in an tace ƙwayoyinta.

Abin riƙewa

Ɗan itacen da ya bugu ba na zubarwa ba ne. A yanke inda ya lalace, a dafa sauran tun da wuri. Wanda ya ruɓe kuwa, a yar da shi.

Kalmomi
tuffa: la pomme
ɓawo: la peau
fere: éplucher
ƙwaya: le pépin
murfi: le couvercle

Tambayoyi
1. Me ya sa iccen tuffa ba ya jin daɗin ƙasashen Sahel?
2. Waɗanne tuffa ne uwar gida take fara dafawa? Don me?
3. Mene ne amfanin lemun tsami a wannan dafuwa?
4. Kilo 1 na tuffa ya ishi mutum 4. Kilo nawa ake bukata domin mutum 12?
5. Ku kawo sunayen ƴaƴan itace 3 na garinku da za a iya yin kwamfot da su.