Baƙo da Masaukinsa: Zaɓen Otal a Ziyarar Farko Zuwa Abuja

1.0 Gabatarwa

Hausawa na cewa tafiya mabuɗin ilmi, amma a zamanin da ba a cika samun mutum ya bar gida don kallo kurum ba. In ya ɗauki sanda, to, fatauci ne, ko neman ilmi, ko aikin hajji, ko cin rani. Yawon buɗe ido baƙon abu ne wanda ya shigo tare da mota da jirgi da hutun ma'aikata. Yau ga shi magidanci na kwasar iyalinsa daga Katsina ko Maraɗi ya nufi Abuja domin yara su ga abin da suka saba gani a talabijin da jikin takardar kuɗi. Tambayar farko da ke gabansa kuwa ita ce wadda ta kasance gaban kakansa mai jakuna, watau ina za a sauka? Wannan maƙala za ta duba yadda magabata suka warware wannan matsala, sa'an nan ta auna otal na zamani da mudunsu.

2.0 Masauki a Al'adar Bahaushe

Fataken da ke zuwa Gwanja saro goro ba su taɓa shiga gari da ka ba. Madugu ya san kowane zango tun kafin ayari ya tashi, jagaba kuma yana gaba. In an isa garin ciniki, kowane falke yana da fatomansa. Wannan kalma daga Barebari aka aro ta, inda "fato" ke nufin gida, ɗafin "-ma" kuma ke nuna mai abu. Fatoma ke nan mai gida, kuma aikinsa ya wuce ba da wurin kwana. Shi ke adana kayan baƙo da kuɗinsa, shi ke ci da shi, shi ke haɗa shi da dillali, shi ke yi masa tafinta, in an ci bashi kuma shi ke tsayawa. Abner Cohen ya bayyana irin wannan tsari a littafinsa na 1969 kan Hausawan Sabo ta Ibadan, inda cinikin shanu da na goro suka dogara kacokan kan masu gida.

Abubuwa huɗu ne baƙo ke samu a gidan fatoma: kusanci da abin da ya kawo shi, da aminci ga rai da dukiya, da ci da sha irin wanda ya saba, da kuma jagoranci a garin da bai sani ba. Dalili kuwa shi ne baƙo makaho ne ko da idonsa biyu.

Da Turawa suka zo sai suka gina gidajen hutawa don ma'aikatansu masu rangadi, jama'a suka kira su bariki. Daga baya otal ya biyo. Abin lura shi ne duka kalmomin biyu sun ɗauki ƙura a bakin Bahaushe. In an ce wane ɗan bariki ne ba yabo aka yi ba, haka kuma an daɗe ana ɗaukar otal wurin giya da masha'a. Saboda haka har yanzu akwai dattijon da ya fi son ya matsu a zauren ɗan'uwa da a ji ya kwana otal. Amma babban birni ya sauya lissafi. Ɗan'uwan da ake taƙama da shi, mai yiwuwa ɗaki biyu gare shi a bayan gari, kuma da asuba yake fita aiki. Baƙo raɓa ne, amma raɓar mutum shida ta kwana huɗu ruwa ce. Tilas dai a nemi otal. Sai dai otal ɗaki kurum yake sayarwa. Sauran aikin fatoma ya koma wuyan baƙo, shi zai yi wa kansa tun kafin ya baro gida.

3.0 Tsarin Birnin

Ba a zaɓen otal sai an san garin. A shekarar 1976 ne gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta yanke shawarar gina sabon babban birni a tsakiyar Nijeriya, a ƙasar da mafi yawan mazaunanta Gwarawa ne, aka kuma tare a hukumance ranar 12 ga Disamba, 1991. Sunan kansa aro ne daga garin da Abu Ja, ɗan gidan sarautar Zazzau, ya kafa a 1828, wanda ya koma Suleja bayan an ba sabon birnin sunansa.

Abuja ba ta tashi yadda biranen Hausa suka tashi ba, inda fada da masallaci da kasuwa ke fuskantar juna, mutum ya zaga su da ƙafa kafin azahar. A takarda aka zana ta, kuma don mota aka shimfiɗa ta. Tituna ne masu faɗi, da gadoji, da tazara mai yawa tsakanin gini da gini. A tsakiya akwai Masallacin Ƙasa wanda aka gina a 1984, da Babbar Majami'ar Ƙasa, da Dandalin Eagle, sai kuma Majalisar Tarayya da Kotun Ƙoli da fadar shugaban ƙasa a gindin Dutsen Aso. Unguwanni huɗu ne suka kewaye wannan cibiya. Maitama ta jakadu ce da attajirai, a nan ne Transcorp Hilton yake, wanda aka buɗe a 1987, da kuma Lambun Millennium da Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta buɗe a 2003. Asokoro ta manyan gwamnati ce, shiru gare ta, tsada kuma gare ta. Garki, wadda aka kasa ta yankuna masu lamba, ita da Wuse mai babbar kasuwa, su ne matattarar matsakaitan otal-otal da gidajen abinci. Gaba kaɗan akwai Utako da Jabi, inda tashoshin mota suke da kuma tafkin Jabi.

Bayan waɗannan sai garuruwan kewaye, irin su Kubwa da Lugbe da Nyanya da Karu, da Mararraba wadda ke cikin Jihar Nasarawa. A nan ne akasarin ma'aikata ke kwana, a nan ne kuma ɗaki ya fi araha.

4.0 Kusanci

Wannan araha ce tarkon da baƙo ya fi faɗawa. A ce ɗaki a Mararraba rabin kuɗin na Wuse ne. Mai iyali ya yi murna ya kama. Gari na wayewa sai ya tarar da kansa cikin cunkoson dubban ma'aikata masu shiga birni, da yamma kuma ya biyo su a dawowa. Rabin yininsa ya tafi a titi, yara sun galabaita, abin da ya rage na kuɗin ɗaki kuma mai tasi ya karɓe. Ga shi tun 2006 aka hana acaɓa a cikin birnin, balle a ce a hau babur a kurɗa. Nisa ma kuɗi ne, sai dai ba a rubuta shi a rasit.

Hanyar da ta fi ita ce mutum ya fara jera wuraren da yake son gani, sa'an nan ya nemi masauki a tsakaninsu. Wanda nufinsa masallaci da majalisa da lambu da kasuwa ne, Wuse ko Garki sun ishe shi, domin daga can ko'ina tafiyar 'yan mintoci ce a mota. Abubuwan da ke waje kuwa a ware musu yini guda. Dutsen Zuma, wanda hotonsa ke jikin naira 100, yana kan hanyar Kaduna ne cikin Jihar Neja, kuma daga nan Suleja ba nisa, garin da Ladi Kwali, wadda ke jikin naira 20, ta yi suna wajen ginin tukwane. Mai tahowa daga Kano ko Zariya a mota ma yana iya tsayawa ya kalle su a kan hanyarsa.

Haka kuma a lura da ƙofar da za a shigo. Filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe yana da nisan kimanin kilomita 40 daga tsakiyar birni. Jirgin ƙasan Kaduna, wanda ya fara aiki a 2016, a Kubwa da Idu yake sauke fasinja, duka biyun kuwa bayan gari ne. Otal ɗin da ya ce yana "kusa da filin jirgi" ya dace da mai sammakon tashi, amma ga mai yawon kallo nesa yake da kome.

5.0 Aminci da Jin Daɗi

Aminci iri biyu ne, na cikin gida da na hanya. A cikin gida a duba ko akwai mai gadi dare da rana, ko ƙofar ɗaki na kulluwa daga ciki, ko akwai wurin ajiye mota cikin shinge. A hanya kuwa, birnin ya sha fama da ɓarayi masu shigar direbobin haya, waɗanda ake kira "wan cans", masu ɗaukar fasinja a bakin titi su yi masa fashi. Otal na kirki yana da direbobin da ya sani, ko kuwa a kira mota ta wayar hannu. A wannan fanni ne ma'aikacin da ke tarbar baƙi ya gaji ɗan abin da ya saura na aikin fatoma, matambayi kuma ba ya ɓata.

Game da jin daɗi, tambayoyi uku sun fi taurarin da otal ke liƙa wa kansa amfani. Ta farko, in an ɗauke wuta, awa nawa injinsu ke aiki? Wasu ƙananan wurare sai dare suke tayar da shi, zafin Maris da Afrilu a Abuja kuwa ba abin wasa ba ne. Ta biyu, akwai ruwa a famfo kullum? Ta uku, kuɗin da aka faɗa ya haɗa da karin kumallo da haraji da ladan hidima, ko sai ranar tafiya za a ga ƙari? Mai iyali yana da ta huɗu. Otal-otal da yawa na birnin suna da mashaya da kiɗan dare, saboda haka ya dace ya nemi ɗaki nesa da su, ya kuma tambayi wurin salla da inda ake samun tuwo da miya a kusa.

Yanzu ana iya kama ɗaki ta intanet tun daga gida, kuma akwai fa'ida a karanta abin da baƙin da suka gabata suka rubuta, musamman na kwanan nan. Amma hoto ba ya nuna wari, ba ya nuna ƙarar inji. Gani ya kori ji. Wanda bai san wuri ba ya biya kwana ɗaya tukuna, ya ga ɗakin da idonsa, in ya gamsu ya ƙara.

6.0 Lokaci

Abuja birnin aiki ne, farashinta kuma yana bin kalandar gwamnati. Lokacin babban taron jam'iyya, ko rantsar da sabon shugaba, wanda tun 1999 ake yi ranar 29 ga Mayu, ɗaki kan yi wuya ya yi tsada. A ƙarshen mako da hutun salla kuwa ma'aikata kan watse zuwa garuruwansu, tituna su sarara. Wanda ya sa Juma'a cikin ziyararsa ya sami sallar jam'i a Masallacin Ƙasa, Asabar da Lahadi kuma ya zaga birnin ba tare da cunkoso ba.

7.0 Kammalawa

Falken da ya sauka gidan fatoma na gari ya ci rabin ribarsa tun bai kwance kaya ba. Haka abin yake ga mai ziyarar babban birni karo na farko. Gini ya sauya, suna ya sauya, amma mudun awo yana nan yadda magabata suka bar shi: a sauka kusa da abin da aka zo dominsa, a wurin da za a yi barci da ido biyu rufe, a kuma san kuɗin tun kafin a ajiye jaka. Kowa ya kwana lafiya shi ya so.